Ɗamarar Bango

Ni ne Harka Bir, magini.
Shekara arba'in ina ɗora dutse kan dutse
a gangaren da ke kallon kogin Melamci.
Gida talatin da bakwai na gina, na ƙirga.
Ranar da ƙasa ta girgiza
ko ɗaya bai tsaya ba.
Abin da ya rage a tsaye duk ƙauyen
ɗakin kakana ne, inda muke ɗaure awaki.

'Yata Sanumaya tana Sendai a lokacin,
can Japan, inda aka ce benaye
rangaji suke yi kamar gora, ba sa faɗuwa.
Ranar da ta tafi ban raka ta tasha ba.
Cewa na yi: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kuɗi ta fara aikowa.
Muka sayi kwanon rufi, shinkafa, barguna.
Kuɗi sun iya sayen siminti,
amma ba su san inda ake zuba shi ba.

Sai ga ta da kanta bayan damina,
da hular kwano rawaya, da igiyar awo a ƙugu.
Ta tsugunna a kangon gidan Dil Kumari,
inda aka tono yara biyu, ɗaya da rai.
Ta ɗauki dutse, ta juya shi, ta ajiye.
Ba ta ce, Baba, aikinka ne ba.
Da ma ta faɗa,
da na sami wanda zan yi wa faɗa.

Ta ce bango ɗan dako ne, sai da ɗamara:
duk kamu biyu katako ya kewaye shi,
kusurwa ta kama hannun kusurwa.
Ta gina 'yan ɗakuna biyu a kan tebur,
ta sa samari suka jijjiga.
Ɗaya ya zube.
Ɗaya ya yi rawa, ya yi rawa, ya tsaya.
Mata suka tafa. Ni ban tafa ba.

Da dare na ɗauki tocila na shiga wurin awaki,
na kankare yaɓen da bakin lauje.
Ga shi nan: katako baƙi ƙirin,
kwance a cikin dutse, ɗamara uku.
Ashe kakana ya sani.
Ubana ya bari da katako ya yi tsada,
ni kuwa ko tambaya ban yi ba.
Sai da 'yata ta ƙetare teku
ta ɗauko mana abin da ke bayan akuya.

Da safe na nuna mata.
Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa,
sannan ta yi shiru, ta shafa katakon,
ta ce malaminta zai so ya gani.

Wata biyar ta yi.
Mutum goma sha tara ta koya wa, shida mata.
Ni ne ɗalibin da ya fi tsufa,
ni ne kuma na fi gardama.

Ta koma, don aikinta na can.
Wannan karon ni na ɗauki jakarta har tasha.

Yanzu duk Asabar ɗan maƙwabci
kan ɗaga waya saitin sabon bango,
muryarta ta fito daga Sendai:
Matso kusurwa. Baba, wannan ƙusar ta yi gajarta.
In ce ban ji ba, iska ta yi yawa.
In ta kashe, in cire in sake.

Bara da asuba ƙasa ta sake motsi.
Kwanuka suka zubo, kare ya hau haushi.
Ina kwance, ido a rufi,
ina jin bango yana ƙara
kamar tsoho mai yin miƙa.
Ya gama miƙarsa. Ya tsaya.

Karin maganar nan kuwa,
na daina faɗinsa a gaban mutane.